Baƙi Takwas a Benen Kawu: Lissafin da Ba Ya Shiga Rahoton 'Yan Agaji

Kwana biyar bayan ambaliyar Akra ta 3 ga Yuni 2015 aka sauke mana 'yan agajin. Mutum takwas ne, maza uku mata biyar, duk matasa daga Turai, kowanne da jaka a baya kamar mai shirin hawa dutse. Wasunsu dama suna Gana suna koyarwa a makarantun ƙauye, da suka ji labari suka gangaro Akra, sauran kuma jirgi ya kawo su. Wani ɗan unguwa da ke aiki da ƙungiyarsu ne ya zo ya durƙusa gaban kawuna a unguwarmu ta Nima, ya ce ana neman inda za su kwana na 'yan kwanaki, otal ya fi ƙarfinsu. Gidan kawu bene ne, a kan tudu, ruwa bai taɓa shi ba. Tsoho bai tambaya ba ko kwana nawa ne 'yan kwanakin. Ya ce, "Baƙonka annabinka. A share musu sama." Ni kuma da yake ina jin Turanci, ina ɗan taɓa yarukan Ga da Twi, aka ce ni ne tafinta.

Wanda ya ga Akra a wannan makon ba sai an tuna masa ba. Kogin Odaw ya cika ya tumbatsa, mutanen da suka fake wa ruwa a gidan mai na shataletalen Kwame Nkrumah wuta ta tashi ta rutsa da su, fiye da mutum 150 suka rasu tsakanin ruwa da wuta, Shugaba John Mahama ya ayyana makokin kwana uku. A unguwannin Alajo da Adabraka taɓo ya shiga ɗakuna ya zauna. Baƙinmu can suke wuni, da shebur da baro, kuma gaskiya ɗaya ce, sun yi aiki. Akwai wata doguwa a cikinsu da ta kwashe taɓo har tafin hannunta ya ɗure ruwa ya fashe, ta naɗe da tsumma ta ci gaba. Duk abin da zan faɗa a ƙasa, a riƙe wannan tukuna.

'Yan kwanakin sun zama kwana 23.

Mu mutanen zango saukar baƙo sana'armu ce ta gado, sunan unguwannin namu ma daga nan ya fito: zango, inda ayari ke yada kaya ya huta. Tun zamanin fataucin Gwanja, lokacin da madugai ke kai ayari Salaga sayen goro, daga baya kasuwa ta koma Kumasi, akwai maigida. Falke ya sauka a gidansa, ya ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kaya, ya yi masa tafinta, ya haɗa shi da masu saye, ya tsaya masa idan aka ba da bashi. Masu kawo shanu daga arewa ma haka ake yi musu. Amma a lura da tsarin. Maigida ya san abin da baƙonsa ya kawo da inda zai kai shi. Maganarsa tana da nauyi a cinikin, idan ya ce kada a ba wane bashi, ba a ba shi. Sannan idan ciniki ya faɗa yana da la'adarsa, daga cikinta yake ciyar da baƙon gobe. Da haka abin ya ɗore shekaru aru-aru ba tare da maigida ya tsiyace ba.

Wanda ya sauki 'yan agaji an bar masa ɗawainiyar maigida gaba ɗayanta, an cire sani, an cire ta-cewa, an cire la'ada. A nan matsalar take, kuma daga ruwa ake fara ganinta.

Manyan ƙungiyoyin agaji na duniya suna da ma'auni da suka yarda da shi tun ƙarshen shekarun 1990, ana kiransa Sphere. A ciki an ce mutumin da bala'i ya shafa ya samu aƙalla lita 15 na ruwa a rana, sha da girki da wanka duka, kuma kada mutum fiye da 20 su haɗu a masai ɗaya. Baƙinmu sun haddace waɗannan alƙaluma, suna faɗa mini su a tirotiro, ƙaramar motar haya. Abin da ba su lissafa ba shi ne nasu ruwan. Mutumin da ya wuni cikin taɓon Odaw dole ya yi wanka, wanda bai saba da zafin Akra ba sau biyu yake yi, ga wankin kaya kullum, ga masai na zamani da kowane matsawa ke tafiya da lita 6 zuwa 9. Tankin da ke kai gidan mako guda ya koma ƙarewa a kwana biyu. Famfo kuwa a Nima ba kullum yake zuwa ba. Sai ga ƙannena mata da asuba suna jere da jarkoki masu ruwan ɗorawa, waɗanda muke kira galan ɗin Kufuor, suna hawa bene da su. Baƙi suna ganin ruwa a bokiti suna cewa sun gode. Ba su taɓa ganin layin da aka bi aka samo shi ba, domin a lokacin suna barci.

Wuta ma haka. A 2015 ake tsakiyar dumso, wutar da za ta zo wuni ɗaya ta tafi wuni da kwana. Idan ta zo, wayoyi takwas da kwamfutoci da kyamara duk a jone, katin mita yana narkewa kamar man shanu a rana. Idan ta tafi, a tayar da janareta don a aika rahoto gida. Man janareta sau biyu suka saya, sauran kawu ne.

Nauyi mafi girma a madafi ya sauka. Matar kawu, wadda duk gidan ke kira Mma, ita ce ta ciyar da ƙungiyar nan, sunanta kuma bai fito a ko'ina ba. Biyu ba sa cin nama. Ɗaya ba ya cin gyaɗa, an ce za ta iya kashe shi, kuma duk wanda ya san girkinmu ya san raba shi da gyaɗa aiki ne. Yaji ya kayar da uku a makon farko, suka kwanta da gudawa, Mma ta koma dafa tukunya biyu, ɗaya ta gida ɗaya ta sama. Koko da ƙosai da take sayarwa a bakin titi da safe ta dakatar, saboda hannu biyu gare ta. Makonni biyu bayan ambaliyar azumi ya kama. Mace mai azumi tana tsaye kan kurfoti, murhun gawayi, da tsakar rana tana dafa wa waɗanda ba sa azumi, ta sauke ta ɗora na buɗa-baki, ta tashi sahur. Wata rana na same ta zaune a kan turmi ta dafe kai. Na ce, "Mma, bari in gaya musu su riƙa saye a waje." Ta ɗago ta harare ni. "Kai yaron nan, kana so a ce gidan Alhaji an bar baƙo da yunwa? Je ka ɗauko mini gawayi."

Wannan amsa ita ce ginshiƙin duk tsarin, ko masu tsarin sun sani ko ba su sani ba. Kunya tana hana mai masauki faɗin abin da yake kashewa, baƙo kuma ya fito daga inda in mutum bai yi magana ba ana ɗauka lafiya lau ne. Sun tambayi kawu sau ɗaya ko nawa za su biya. Ya ce haba, Allah ya kiyaye. Suka rubuta cewa ya ƙi. A wurinmu wannan haba ƙofar magana ce, ana so a sake tambaya, ko a bi ta hannun wani, ko a sayo buhun shinkafa a ajiye a madafi ba tare da an ce komai ba. Addini ma bai ɗora wa mai gida abin da ba iyaka ba. Hadisi ya ce liyafa kwana uku ce, abin da ya wuce haka sadaka ne, kuma bai halatta baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai masaukinsa ba. Kawu ya san hadisin sarai. Ba shi da bakin karanta shi ga mutanen da suka tsallako teku don su taimaki maƙwabtansa.

Ƙananan saɓani ba sa ƙarewa, amma yawancinsu abin dariya ne. Lasifikar masallaci ta tashe su da asuba har ɗaya ya tambaye ni ko za a iya rage ta. Gajeren wando a gaban limami. Miƙa kuɗi da hagu. Waɗannan ana gyara su da magana ɗaya. Abin da ba ya gyaruwa da magana shi ne jerin sunaye.

A mako na biyu kuɗin da suka tara a intanet ya iso, suka sayi katifu da gidan sauro da bokitai da sabulu, irin kayan da hukumar agajin gaggawa ta NADMO ma ta saba rabawa. Kayan ba za su kai ko rubu'in masu buƙata ba. Sai aka ce a yi rajista, gida-gida. Takardar tana tambayar sunan shugaban gida da yawan mutanensa. Wanda ya tsara ta yana tunanin gida ɗaya iyali ɗaya. A Alajo gida ɗaya ɗaki goma sha biyu ne, kowane ɗaki da iyalinsa, mai gidan kansa wataƙila yana unguwar Madina ta Akra ruwa bai taɓa shi ba, amma shi ne ya fara zuwa da katin zaɓe a hannu. 'Yan matan kayaye, masu dako a kasuwa, da ke kwana a barandar shaguna, waɗanda ruwa ya tafi da duk abin da suka mallaka, ba su da gida balle shugabansa. Akwai kuma waɗanda suka ga takarda da biro suka shige ɗaki. Baƙi suka ɗauka ba sa buƙata. Ni na san dalili. Tsofaffinmu ba su manta 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙin ƙasa, mutanen zango da yawa suka bar gidajensu. Har gobe akwai wanda in ya ji an ce kawo sunanka da garinku gabansa ke faɗuwa. Ga kuma tsoro sabo fil: kafin watan Yunin ya ƙare hukumar birni ta shiga unguwar Tsohuwar Fadama da buldoza ta rushe gidajen da ke bakin ruwa. Wanda ɗakinsa ke kan hanyar ruwa, da wane ƙarfin hali zai rubuta adireshinsa ga wanda bai sani ba? Sunan wurin ma Hausa ne, fadama, tun asali mun san ƙasar ruwa ce, talauci ne ya zaunar da mutane a kanta.

Ba a nemi shawarar kawu kan jerin ba, ba a nemi ta magajiya, shugabar matan zango, ba, wadda ta san kowace bazawara da kowane maraya a layukan nan. Sun ce suna gudun son kai, kuma ba zan ce tsoronsu banza ba ne, domin mun sha ganin kayan agaji sun bi ta hannun manya sun ƙare a gidajen 'yan jam'iyya. Amma a tsakar gidan kawu aka jibge katifun. Daga ƙofarsa aka fitar da su. Duk wanda bai samu ba, a idonsa Alhaji ne ya hana shi. Wata tsohuwa da ɗiyarta ke aure a Alajo ta zo ta tsaya a zaure ta ce, "Alhaji, shekara talatin muna gaisawa. Katifa ɗaya ce ta fi ƙarfin zumuncinmu?" Kawu ya rantse mata bai ga takardar ba. Ba ta yarda ba, kuma wa zai yarda? Baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Raɓa ta bushe da hantsi, kaba ce ke nan ana tuntuɓe da ita.

Me ya sa abin ke tafiya haka kusan ko'ina? Ina ganin sai an raba baƙin gida biyu. Akwai ƙwararrun ayarin ceto, masu karnuka da na'urar jin numfashi a ƙarƙashin ƙasa. Bayan girgizar ƙasar Armeniya ta 1988, inda ayarori suka yi ta zuwa barkatai suna zama kaya a kan masu masauki, aka kafa tsarin INSARAG a 1991 ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Ƙa'idarsa ita ce ayari ya zo da ruwansa da abincinsa da tantinsa da wutarsa na kwana 7 zuwa 10, kada ya ci daga tukunyar waɗanda ya zo ceto. Mun ga irinsu a nan lokacin da benen kantin Melcom ya rufta a unguwar Achimota a Nuwamba 2012, ayarin Isra'ila ya zo ya taya tono. Akra ma cibiya ce ta irin wannan aiki: akwai rumbun kayan agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya a filin jirgin sama, kuma a nan aka kafa hedikwatar yaƙi da Ebola a 2014. Waɗannan ba sa kwana a benen kowa.

Kashi na biyu su ne 'yan sa-kai, ɗalibai da 'yan coci da 'yan masallaci da ƙananan ƙungiyoyi. Gana ta daɗe da saninsu, ita ce ƙasar farko da 'yan Peace Corps na Amurka suka sauka a 1961. Kuɗinsu daga jama'a yake fitowa, kuma mai ba da sadaka a Turai yana so ya ji cewa kowane sisi ya tafi ga mabukata. Saboda haka ƙungiya tana alfahari da cewa ba ta kashe komai a masauki da abinci. Kuɗin kuwa an kashe shi, daga aljihun Mma ya fita. Sannan mai bayarwa yana son hoto, shi ya sa ake jera mutane a rana da bokiti a hannu. Wani dattijo da na sani, tela ne mai rufin asiri kafin ruwa ya ci kekunansa, ya ga kyamara ya ajiye bokitin ya juya.

Akwai kuma maganar lokaci. Daren 3 ga Yuni samarin unguwa ne suka shiga ruwa da igiya da tayoyin mota, su suka ɗora yara a kan rufi. Duk inda bala'i ya faɗa haka ne, yawancin waɗanda aka ceto maƙwabta ne suka ceto su kafin jirgin farko ya sauka. Baƙo yana isowa ne a lokacin da 'yan gari suka gaji, ajiyarsu ta ƙare, sai ga sabon aiki na kula da shi. Manyan masu ba da kuɗi sun amsa wannan da bakinsu a taron Istanbul na 2016, suka yi alkawarin kashi 25 cikin 100 na kuɗin agaji zai riƙa zuwa ga ƙungiyoyin cikin gida kafin 2020. Shekarar ta zo ta wuce, abin da ke isa kai tsaye bai ko kusanci haka ba. Da gwamnatin Trump ta rushe hukumar agajin Amurka ta USAID a 2025, manyan ma suka rage hannu, ma'ana nauyi zai ƙara komawa kan ƙananan ƙungiyoyi da gidajen da ke saukarsu.

Wani lokaci abin da baƙo ke bari ya fi bashin ruwa muni. Bayan girgizar ƙasar Haiti ta 12 ga Janairu 2010, an kama Amurkawa 10 'yan wata coci suna ƙoƙarin tsallaka iyaka da yara 33 da sunan marayu, aka gano da yawansu iyayensu na raye. A ƙarshen wannan shekarar kwalara ta ɓarke daga sansanin sojojin kiyaye zaman lafiya da suka zo daga Nepal, saboda ƙazantar masansu ta malala cikin kogi. Mutum kusan dubu 10 suka mutu, sai a Disamba 2016 Ban Ki-moon ya nemi gafara. A 2018 kuma asirin wasu ma'aikatan ƙungiyar agaji ta Oxfam ya tonu kan lalata da mata a can Haiti ɗin. Mai gidan da ya tambayi baƙonsa takardar shaidar ƙungiya, ko ya ce wanda ya kira kansa likita ya nuna rajistarsa da hukumar likitocin Gana kafin ya taɓa yaro, ko ya hana a keɓe da 'ya'yan mutane, bai yi rashin kunya ba. Maigidan fatake ma ba ya saukar wanda bai san madugunsa ba.

Da aka buɗe madatsar Akosombo a Satumba 2023, ruwa ya ci garin Mepe da garuruwan yankin Tongu, fiye da mutum dubu 26 suka bar gidajensu, makarantar St. Kizito ta koma sansani. Matasan zangonmu suka tara kuɗi da kaya za su je, wannan karon mu ne baƙin. Na zauna a taronsu na ji ana maimaita duk abin da Turawan nan suka yi: tsofaffin tufafi buhu-buhu da ba wanda ya nema, mota cike da mutum ashirin ba wanda ke jin yaren Ewe, ba a yi maganar inda za a kwana ba, an dai ce mutanen can za su san yadda za su yi da mu. Ashe abin ba na launin fata ba ne. Duk wanda zuciyarsa ta cika da niyyar alheri yakan manta cewa yana da ciki kuma yana shiga bayan gida. Kawu, wanda tsufa ya fara kamawa, aka kai masa maganar don ya sa albarka. Ya ce, "'Ya'yana, wa zai ɗebo muku ruwa a can?" Aka yi shiru. Ya ce mutum huɗu su je, su tafi da ruwansu da garinsu, su kwana biyu, su nemi shugabar matan wurin kafin su buɗe buhu ko ɗaya, abin da ya rage na kuɗi a tura wa mutane ta MoMo, wato ta waya, su sayi abin da suka ga dama. Ya ƙara da cewa duk gidan da ya sauke su a ajiye wa matar gidan wani abu a madafi, kada a tambayi mijin, domin zai ce haba.

Namu baƙin sun tafi a farkon Yuli, ana kuka ana rungume-rungume, doguwar nan ta bar wa Mma gyalenta. Bayan mako guda ramin masai ya cika, kawu ya kira motar kwasa ya biya. Mma ta koma bakin titi ta tarar wata ta kafa teburin koko a gurbinta, sai da ta yi wata biyu kafin masu sayenta su dawo. Wajen Babbar Salla rahoton ƙungiyar ya iso wayata, shafi goma sha huɗu da hotuna masu kyau. Na karanta wa kawu ina fassarawa. A shafin kuɗi, gaban masauki da abinci, an rubuta gudummawar al'umma, sai sifili. Ya sa na sake karanta wurin. Sannan ya tambaya ko an ambaci Mma. Na duba har ƙarshe, na ce akwai hotonta tana tuƙa tuwo, an rubuta wata mata 'yar unguwa. Ya gyaɗa kai ya ɗauki butarsa.

Tsohuwar mai maganar katifa kuwa, daga ranar ta canza hanya. In za ta kasuwar Nima sai ta zaga ta bayan masallaci.